Bakin da Ƙasa Ta Buɗe

Mun bar Tamaske kafin ladan ya gyara murya,
ni da Abarshi da jakin aro,
buhu uku, igiyar rijiya, fitilar ƙwai,
da gorar furar da Tsahara ta dama da dare.
Albasa ta yi rawaya a fadama,
takin kanti ya fi ƙarfin aljihu,
aka ce akwai kashin jemage a ramin bayan dutse,
kyauta ne ga wanda ya shiga ya fito.

Hanyar sawun awaki ce,
shi ma ya gaji ya ɓace.
Marmara na cin takalmi,
ƙarangiya na riƙe ƙafar wando kamar mai bin bashi.
Jaki ya cije a hawa,
muka yi ta ba shi baki.

Hantsi ya same mu kan fako,
ba inuwa sai ta aduwa guda.
Abarshi ya ce, daga nan rage sauri,
ramin nan ba ya sallama.
Ba tudu, ba alama,
ƙasa ce shimfiɗe kamar tabarma,
sai ka ga ta ƙare.

Wari ne ya fara tarbar mu,
sannan sanyi ya taso
kamar an buɗe bakin randa.
Jaki ya toge can nesa.
Ya fi mu karatu.

Na kwanta rub da ciki na leƙa.
Bakin ya kai faɗin masussuka,
cikin ya fi bakin faɗi.
Ashe gaɓar da nake kwance a kanta
ɓawo ce, ba abin da ya tallabe ta.
Na saki dutse.
Na yi a'uziyya, na yi bisimilla,
kafin ya amsa.

A hagu zuma ta yi gida cikin tsaga,
a dama saɓar gamsheƙa na lilo jikin saiwa.
Tari ma sai na haɗiye.

Abarshi ya ɗaura fitila a igiya,
ya ce wuta ta riga mu,
in ta dawo da rai, mu bi.
Gaba biyar tana ci.
Gaba goma tana ci,
jemagu suka tashi buu, suka shafe mana rana.
A gaba sha huɗu harshen ya rusuna,
ya yi shuɗi,
ya mutu,
ba iskar da ta hura shi.

Ya jawo, ya kunna, ya mayar.
Nan dai ta mutu.

Na ce lagwani ne.
Na ce an sirka kananzir da ruwa.
Na ce albasa fa, na ce bashin iri fa,
na ce ni zan sauka, ban kai ka nauyi ba.
Bai tanka ba.
Ya ja ni da hannu zuwa wani turken ƙirya
da rairayi ya binne rabinsa,
ga guntun igiya ya ruɓe a wuyansa.
Ya ce, ka san ƙullin nan?

Na sani.
Haka Kawu Mantau ke ɗaure guga,
sau biyu, ya murɗa baya.
Mu an ce mana Abijan ya tafi.
Damina goma sha ɗaya Inna na tare 'yan cirani
tana tambaya ko sun gan shi.

Abarshi ya ce, ni ke riƙe da igiyar.
Shekarata sha uku.
Na ja, ta zo mini ba nauyi.

Muka sha fura ba magana.
Na kwance ƙullin da haƙori.

Da magariba Inna na ƙofar gida,
ta dubi buhu, ta dube mu,
ta ce ina takin?
Na ce fitila ce ta ƙi.
Hannuna na cikin aljihu
kan ƙullin ƙaninta.