Laifin Hagu

Motar babana, Fijo, ta girme ni da shekara tara.
In na taka birki a hanyar Maiurno
sai ta fizge hagu, wajen kogi,
kamar jakin da ya hango ruwa.

A Sinnar, Usta Ɗahiru ya kwanta ƙarƙashinta,
ya shafo bayan tayar dama, ya shinshina yatsa.
"Mai ya jiƙa fatar nan.
Hagu ba ta da laifi, ita kaɗai ke kamawa."

Ya canja robar silinda, ya ce in shiga.
Taka. Taka. Riƙe!
Kumfa na ɓulɓula cikin kwalbar karkade
har man ya fito garau.

Da la'asar ta tsaya cak, a miƙe.
Ni da na yi wata uku ina zagin hagu
ban ce uffan ba har gida.