Daƙiƙa Uku

Sun ba ni riga ruwan ɗorawa da sanda mai tsumma a baki,
suka ce: zauna nan bayan raga,
in alƙaliya ta ɗaga hannu ki shiga, ki goge, ki fito.
Na ce to.
Ban gaya musu komai ba.

Sheffield, watan Disamba. Ruwa tun asuba,
ba na shuka ba, irin mai shiga ƙashi ba sallama.
Daren jiya na kwana ina juya tsofaffi a gidan jinya,
na sauko daga tarago da ƙafafu kamar na aro.
Amma danƙon nan da suke shafa wa yatsu,
tun daga ƙofa ƙamshinsa ya tare ni,
sai ga ni a Gusau, ina 'yar sha shida,
filin siminti ya tsage gida uku,
Malam Tanimu da usur ɗinsa mai igiyar takalmi:
"Tasalla, bar kallon ƙwallo, kalli kafaɗa!
Ƙwallo maƙaryaciya ce."

Ƙasa biyu yau, masu ja da masu fari.
Tutoci rataye a sama kamar shanyar gidan biki.
Babu tawa. Na duba sau biyu.
Aka rera taken kowa,
wata doguwa mai lamba tara ta yi hawaye
tun ba a bangaje ta ba.

Sai usur.
Takalma na kuka a daɓe kamar 'yan tsaki,
ƙirji na karo da ƙirji a layin mita shida,
mace ta tashi sama, ta daɗe can
kamar ta manta hanyar ƙasa,
ta saki. Raga ta ja numfashi.
Ita kuwa ta zube, ta miƙe, ta bar mini hotonta na gumi:
kafaɗa, ƙugu, tafin hannu ɗaya.
Ni ke shiga in share shi.
Na goge na ja, na goge na fari,
tsumma sai ƙara nauyi yake.

Golar masu fari ce ta hana ni sakat.
Yarinya, gwiwa a naɗe, gashi ɗaure da jan zare,
idonta na bin ƙwallo kamar akuya da dusa.
Huɗu a jere ta hagunta.
Na ciji leɓe har na ji gishiri.

Saura minti ɗaya, kunnen doki,
aka ba masu ja jifan mita bakwai.
Alƙaliya ta ɗaga hannu. Na shiga,
na goge gabanta, na sake goge inda ba jiƙa,
na ce da Hausa, don ita ta zo bakina:
"Kafaɗa, 'yar nan."
Na daki tawa da yatsa biyu.
Ta dube ni kamar bango ya yi magana.

Ban san ko ta gane ba, kuma ba zan rantse ba.
Na dai ga mai lamba tara ta karya kafaɗa,
na ga yarinyar ta buɗe kamar almakashi,
ƙwallo ta goge diddigenta ta yi sama, ta haye raga,
ta nufo kujerata.
Hannun haguna bai yi shawara da ni ba.
Caraf.

Shekara ashirin da shida.
Ɗumi gare ta, tana manne kamar jinjirin da ya ƙi ƙiwa.
Ɗaki na girgiza, ba don ni ba.
Doka ta ce daƙiƙa uku ake riƙewa.
Na ƙirga su a hankali,
na mayar.

Ƙarfe tara ina bakin aiki.
Sabulu ya bi tafina sau uku, danƙo ya ce yana nan.
Tsohuwar ɗaki na sha ɗaya ta danna ƙararrawa.
Na zura safar roba a kansa,
na tafi juya ta.