Mabuɗin Ɗakin Ƙasan Coci

Talata a Salford, yayyafi tun asuba,
irin wanda ba ya dukan mutum, sai dai ya jiƙa shi a sace.
Ni ke riƙe da mabuɗin ɗakin ƙasan coci,
ni ake biya ƙarshen wata.
Bernadette ba a ba ta ko sisi.
Shekara goma sha tara tana jera gwangwanin wake a kan kanta,
tun ina Malumfashi ina koyon ɗaurin kallabi.
Ita ta nuna mini inda makunnin fitila ya ɓuya,
da inda ake dukan na'urar ɗumama ɗaki in ta yi gardama.

Yau kuma ni zan zaunar da ita.

Ran Lahadi, an fito daga coci, ana shan shayi,
bakinta ya suɓuce:
"Mijin Philomena ya zo karɓar abinci, Allah sarki."
Ba mugunta ba ce. Tausayi ne ya cika ya zube.
Amma magana zarar bunu,
kafin a wanke kofuna ta tsallaka titi uku.
Mutumin bai dawo ba.
Ledarsa na nan da sunansa a jiki:
taliya, madara, shinkafa, sabulu.
Ya gwammace yunwa da idon jama'a.

Na kwana ina gyaran kalmomi
cikin harshen da ba shi da wurin durƙuso.
A gidanmu yaro ba ya gyara wa furfura zama.
Na tura ƙofar ofis, na ce,
"Asirin wanda ya sauko matakalar nan ajiya ce,
ba namu ba ne."
Muryata na rawa kamar ni aka kama.

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
"Na yi kuskure, Kyauta. Zan je in ƙwanƙwasa masa ƙofa."
Na ce a'a, wannan ma tonon asiri ne,
ni zan kira shi, in ya ɗauka.
Ta gyaɗa kai. Ta dubi ƙofar.
"Tunda a rufe take, ni ma ina da tawa.

Rahoton nan da aka tafa miki,
tsarin kai wa tsofaffi abinci har gida,
a kan teburin kicin ɗina aka zana shi.
Ban ga sunana ba. Ban kuwa nema ba.
Sau nawa kika ce, ɗan tsaya ki share, Bernadette,
don ni ba a ƙirga mini awa?
Gwiwata ba ta san aikin lada nake yi ba."

Sama da mu wani na koyon waƙar Lahadi,
yana ta tuntuɓe a wuri ɗaya.
Laifi tudu ne, in ji mutanenmu.
Na hau nawa da takalmi, ina nuna nata da yatsa.

Na jawo littafin ofis.
Layi ɗaya nata, na rubuta da hannuna.
Layi biyu nawa, na miƙa mata biro.
Ta gyara mini harafi ɗaya, don ba ta iya ganin kuskure ta wuce.
Ba mu rungumi juna ba.
Ta ce shayin da na haɗa mata ya yi ruwa.

Ƙarfe goma muka buɗe.
Mutane a tsaye da lema, kowa na kallon takalminsa.
Na ga ta ɗauki ledar mutumin nan,
ta juya sunan ya fuskanci bango.

Ƙarfe uku na ce ta tafi, ni zan share.
Tsintsiyar ta fi yadda nake zato nauyi.
Wayarsa ta yi ƙara sau shida.
Gobe zan sake kira.