Hudar Kawu Barau

A Daura, bakin hanyar Zango, ƙarƙashin rumfar kara,
Kawu Barau na da wani baƙin ƙarfe, faɗin tafin hannu,
da huda ɗaya tal a tsakiya.
Ba ya rataye shi cikin su awartaki da masaba,
a aljihun taguwa yake kwana, shi da goro.

Ni ne ɗan zuga.
Na ga dalma na narkewa tana yin yana
kamar kunun da ya huce,
na ga ya zuba, ya jira, ya buɗe,
'ya'yanta na gangarowa kan buhu da ƙyallin idon kifi.
Sannan a zauna shari'a: kowanne sai ya bi ta huda.
Wanda ya wuce da 'yar gardama ya tsira.
Wanda ya zurma salin-alin, da wanda ya cije ya ƙi,
su koma wuta, ba roƙo, ba ɗaukaka ƙara.

Shekara uku na yi a makarantar sana'a a Katsina,
na dawo da ma'auni mai muƙamuƙi da lambobi,
mai iya faɗin kaurin gashin gira.
Na sa shi a hudar, na duba, na sake dubawa.
Na ce, "Kawu, ƙarfenka ya fara ƙarya.
Shekaru sun lashe bakinsa, ya buɗe,
har ya ɗan karkace gefe guda."
Bai ɗago ba. Ya furzar da tuƙar goro, ya ce,
"Shi naka, wa ya auna shi?"

Na yi zuciya. Na sa aka huda mini sabo a inji,
cikinsa sumul kamar wuyan kwalba, lamba ta zauna daram.
Na tace talatin, na ƙulle wa Nomau maharbi a tsumma.
Ko kwabo ban karɓa ba, yabo nake jira.

Kwana huɗu sai ga shi, burgami wayam.
Ya jefa ɗaya a bakin adakarsa, ya girgiza mana:
ƙwal-ƙwal, kamar tsakuwa a gwangwani.
"Zabi biyar a gindin aduwa,
kusa kamar in miƙa hannu in ɗauka.
Na harba, ƙasa ta tashi can hagu,
su kuwa suka watse suna yi mini guɗa."

Kawu ya karɓi bindigar, ya zura ƙaramin yatsa,
ya juya a hankali kamar mai lalubar gurbin haƙori.
"Ita da hudata sa'annin juna ne,
shekarar fara na yi su, ko gemu ban aje ba.
Abin da dalma ta ci a nan, shi ta ci a can.
Tare suka tsufa.
Kai kuma ka sa ƙafar yaro a takalmin tsoho,
ka ce ya yi gudu."

Bara aka kai Kawu makwancinsa.
Ƙarfen yana aljihuna, yana huda mini riga.
Ma'aunin Katsina bai yi ƙarya ba, har gobe ina aiki da shi,
sai dai in mutum ya zo neman harsashi
nakan ce ya koma ya ɗauko bindigar tukuna.
Sabon ƙarfen nan mai lamba daram kuwa,
da shi Ladingo ke danne faifan tulu
don kada awaki su buɗe.