Ƙofofin Bayan Ganye

A lambunmu na Lamingo, gefen tsohon ramin kuza,
na tsinko ganyen tumatir da sanyin asuba,
na shafa masa man farce mara launi a baya,
ya bushe, na ɓare shi kamar fatar albasa.

Baba ya ce, "Ladidi, karatun ke nan?
Kwalliya ake wa ganye a Naraguta?"
Na ce ya zo ya leƙa madubin da na aro.
Ya goge hannu a wando, ya runtse ido guda,
ya daɗe bai ce uffan ba.
"Bakuna ne," in ji shi. "Ba su ƙirguwa."

Ƙofofi ne, Baba, kowace da masu gadi biyu,
masu siffar ƙwayar wake, sun haɗa kai da ƙafa.
In sun ƙoshi da ruwa, sai ƙofa ta wangale,
iska ta shiga, ganye ya yi girki da hasken rana.
In fari ya matsa, saiwa ta aiko da saƙo,
su saki jiki, ƙofa ta rufe,
kada ɗan ruwan da ya rage ya tsere sama.

In kuwa raɓa ta kwana a kan ganye,
ƙwayar cuta ta iyo cikin ɗigo tana laluben hanya,
masu gadi kan ji warinta su ja ƙyaure.
Sai dai akwai mai wayo a cikinsu,
takan yi sallama da muryar 'yan gida,
ƙofa ta buɗe da kanta.
Baƙin tabon da ya cinye mana kunya goma bara,
ta nan ya bi.

"To, su kulle mana gaba ɗaya!"
Ba dama, Baba. Ganyen da ya garƙame kansa
ya tsira daga cuta, yunwa ta same shi a ɗaka.

Ya dubi tsallaken ruwa, gonar kabejin Davou.
"Shekarar dokar hana fita," in ji shi,
"kwana tara muka yi da sakata.
Garin masara ya ƙare, kina goye kina kuka.
Daren na goma aka ƙwanƙwasa.
Uwarki ta riƙe mini gefen riga.
Na tsaya bayan ƙyaure ina auna muryar:
ta maƙwabci ce, ko ta wanda ya are ta?"

Ka buɗe?

"Kaɗan.
Daidai faɗin buhun dankali."

Ya miƙo mini madubi, ya ja tiyo,
ya kai ruwa gindin shuka, bai jiƙa ganye ba.
Rana ta leƙo ta kan duwatsun Shere.
Ban ji motsi ba, ban ga komai ba,
amma na san a ƙarƙashin kowane ganye
ana zare sakata a hankali,
ana saurare.