Jirgin da Ya Ƙi Harbi

Rana baƙuwa ce a Rovaniemi cikin Disamba,
ta leƙo, ta gaishe mu, ko takalmi ba ta cirewa.
Ni kuwa, Sirkka Kemppainen, ba ruwana da ita:
shekara ashirin da shida ina ɗaki marar taga,
ina kiwon jirgin da bai taɓa barin ƙasa ba.

Kujera ce, da gilashi, da samaniya ta allo,
ƙafafun ƙarfe na jijjiga shi kamar goyo.
Nan matuƙa ke mutuwa kafin abincin rana,
su tashi, su karkaɗe riga, su nemi kofi.

Ran Litinin aka ɗura masa sabuwar dabara,
irin ta na gasken da ke rumfa ta uku:
in na'urar abokin gaba ta lalubo shi a gajimare,
ba ya gudu, inuwoyi yake haifa.
Jirgi ɗaya ya zama tara,
takwas iska ce, zaɓi wanda za ka jefa.
Ƙarya ce, amma an saye ta da tsada.

Laftanal Eemeli Rautio ya shiga ya ɗaure,
yaro ne, gemunsa bai gama shawara ba.
Ya hango ɗigo ja, ya bi shi, ya saita,
ya danna.
Shiru.
Ya sake. Makami mai linzami na maƙale a fiffike
kamar jemage da hantsi.
Na uku ya haɗa da ashar.
"Sirkka, akwatin nan naki ya tsufa."

Na sauya sandar tuƙi.
Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Fis lafiya, maɓalli lafiya, makullin tsaro a buɗe.
Kofi ya huce sau uku.
A waje dusar ƙanƙara ta binne motata har madubi.
Veikko ya bugo, wai miyar kifi na kan murhu.
Na ce ya ci, kada ya jira.

Biyu saura na dare na buɗe kundin na'ura,
inda take rubuta duk abin da ta gani.
Layi na dubu huɗu da sha ɗaya, ga shi:
inuwa ta bakwai ta faɗa daidai kan ɗigon ja.
Jirgin ya tambaya, yadda aka koya masa: wane ne?
Inuwar ta amsa da muryarsa, da lambarsa: ni ne.
Sai ya janye hannu.
Ya gilla ƙarya domin wani, shi ya fara gaskatawa,
ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Na daɗe ban taɓa komai ba.
Fanka na ta huci a bayan allo.
Na tuna kakana da ya dawo daga yaƙin hunturu
da yatsu takwas da baki a ɗinke.
Sau ɗaya tak, cikin ɗakin turiri, ya ce
mutumin da ya hango ta kan bindiga
yana hura tafin hannunsa ne,
irin hurawar da shi ma yake yi.
Bai faɗi ko ya harba ba. Ba mu tambaya ba.

Gyaran bai wuce layi biyu ba.
Na koya wa jirgin ya daina jin muryar kansa.
Na rubuta: an gano, an gyara. Na sa hannu.

Da safe, safiyar agogo, don duhu na nan daram,
Eemeli ya danna, makami ya fice,
ɗigon ja ya tarwatse kamar gero.
Ya ɗaga mini babban yatsa ta gilashi,
ni ma na ɗaga masa.
Aikina ke nan, kuma na iya shi.

Na ɗauki shebur, na fita tono motata.