Alli Kan Alli

Tun asuba nake cikin kwarmi, ni Tirsus,
ƙafafuna na tattaka ulun wani
a ruwan da ba a faɗin sunansa gaban baƙo:
fitsarin masu wucewa ne,
muna tara shi a tulu, bakin hanya.
Da shi maiƙon tumaki ke fita.
Hancina ya mutu tun ina yaro.

Yau mayafin Mamerkus Ofiliyus ne.
Na shimfiɗa shi bisa kwando,
na turara masa farar wuta har na yi hawaye,
sannan alli. Alli kan alli,
ina murzawa sai da zaren ya ƙoshi.

Mu a Roma fari biyu gare mu.
Akwai albus, farin madara, farin ƙashi,
mai kwanciya shiru.
Akwai kandidus, fari mai ihu,
irin na gishiri da rana tsaka,
wanda ke sa tsohuwa kare ido da tafi.
Duk wanda ya yafa shi ya fita roƙon ƙuri'a
kandidatus ake ce masa:
wanda aka faranta.
Ku lura, aka. Wani ne ya yi aikin.
Sunan bai leƙa ciki ba,
a bakin tufa ya tsaya.

Ranar kasuwa na bi shi dandali
in ga yadda aikina ke tafiya.
Bai sa taguwa a ciki ba,
don a ga tabon mashi a ƙirjinsa.
Bawa na biye da shi, baki a kunnensa,
yana raɗa masa sunayen mutane:
wannan mai gasa gurasa ne, ɗansa ba lafiya,
wancan ka tambaye shi alfadarinsa.
Kowa ya gaisa da shi
sai ya tafi da farin tafin hannu.

Da ya iso kaina bawan ya yi tuntuɓen harshe.
"Filargus!" in ji Ofiliyus, "abokin mahaifina!"
Ya rungume ni.
Ya ɗan yamutsa hanci, ya daure.
Allina ya dawo mini a kafaɗa.

Can hadari ya taso daga wajen Tiber.
Ɗigo uku, huɗu,
sai ga farin yana gangara masa a ƙwauri
kamar kunun da yaro ya ɓarar.
Masu laima suka yo gudu.

Ban jira jawabi ba, aiki na jirana.
Mayafin abokin karawarsa, Nonniyus,
tun jiya yake jiƙe a kwarmin nan,
ruwa ɗaya, ƙafa ɗaya, dutsen alli ɗaya.

Matata Helpis ta tare ni a ƙofa:
"Wa za ka jefa wa?"
Na ce, wanda ya fara biyan kuɗin wanki.
Ta yi tsaki, ta kakkaɓe mini kafaɗa.
Ofiliyus dinari uku nake binsa tun bara.